Tuwo Ɗaya, Aikatau Biyu: Tsakanin “Make” da “Do”

A cikin aikatau na Hausa da wuya a sami wanda ya kai “yi” ɗaukar kaya. Da shi ake aiki, da shi ake hutu. A yi magana, a yi shiru, a yi aure, a yi ciniki, a yi kuɗi, a yi asara. Idan sama ta zubo, an yi ruwa. Idan riga ta zauna wa mutum daidai, ta yi masa. Idan miya ta ji gishiri yadda ake so, ita ma ta yi. Wanda ya tashi da wannan ƴar kalma a bakinsa ba ya jin nauyinta, sai ranar da ya shiga ajin Ingilishi ya tarar an raba gadonta gida biyu, an ba “make” kashi ɗaya, an ba “do” ɗaya, kuma ba a nuna masa inda aka kafa iyaka ba.

Ɗalibin Nijar da na Chadi da na arewacin Kamaru wahalarsa ninki biyu ce. Yaron Maraɗi ko Damagaram yakan share shekara shida a firamare yana karatu da Faransanci kafin ya haɗu da Ingilishi a kwaleji. Faransanci kuwa yana da “faire”, wanda a wajen haɗiye ma'anoni ɗan'uwan “yi” ne. “Faire ses devoirs” da “faire une faute” aikatau ɗaya suka ɗauka, kamar yadda yin aikin gida da yin kuskure suka ɗauki ɗaya a Hausa. Harsuna biyu sun shaida wa yaron cewa abin guda ne, na uku ya zo ya ce na farko “do the homework”, na biyu “make a mistake”. Don haka ba abin mamaki ba ne idan ya zauna jarrabawar BEPC ya juya su, ya rubuta “I made my homework” da “I did a mistake”.

Maganin da aka saba ba shi shi ne jeri biyu na hadda, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Hadda tana da ranarta, amma tana barin ɗalibi da wani zato mai cutarwa, wai harshensa ne ya gaza rarrabe abin da Ingilishi ya rarrabe. Gaskiyar maganar ita ce Hausa ta san wannan bambanci sarai. A cikin waɗansu aikatau ta ajiye shi, ta bar “yi” a bakin ƙofa yana karɓar kowane baƙo.

Tambayoyi biyu

Hanya mafi sauƙi ta jin bambancin ita ce a dubi tambayoyi biyu. Idan aka ce wa mutum “What are you doing?”, kowace irin amsa za ta shiga: yana karatu, yana jiran mota, yana hutawa, ko ma ya ce ba ya yin komai. Idan kuwa aka ce masa “What are you making?”, dole ya ambaci wani abu: kujera, shayi, riga, tabarma. Tambaya ta farko tana neman aikin da mutum yake ciki. Ta biyu tana neman abin da zai fito daga hannunsa, abin da ɗazu babu shi, an jima kuma za a gan shi.

A ɗauki uwargida a madafi da yamma, muciya a hannu, tukunya a kan murhu. Wanda ya ce “she is doing the cooking” ya dubi hayaƙi da gumi da hidimar da ta hau kanta yau, kamar yadda shara da wanki suke hawa. Wanda ya ce “she is making dinner” ya dubi malmalar tuwon da za ta sauka a akushi. Mace ɗaya ce, tukunya ɗaya, lokaci ɗaya; abin da ya sauya shi ne inda mai magana ya ajiye idonsa. Bayan an ci, wanda zai wanke kwanuka “do the dishes” zai yi, domin kwanukan sun riga sun wanzu, hidima kawai suke bukata. Wanda ya ce “make dishes” ya koma maganar masu ƙera kwano. Haka mai kitso: “she does hair”, domin gashin na mai shi ne tun kafin ta zauna a gabanta.

Asalin kalmomin

Tarihin kalmomin biyu yana goyon bayan wannan fahimta. A tsohon Ingilishi ana ce musu “macian” da “don”, kuma har yau danginsu suna nan a Jamusanci, “machen” da “tun”, da harshen Holan, “maken” da “doen”. Masana asalin kalmomi da yawa suna danganta “make” da wani tsohon tushe mai ma'anar cuɗawa ko kwaɓawa, irin yadda magini yake kwaɓa ƙasa ko mai ginin tukwane take cuɗa yumɓu. “Do” kuwa ya fito ne daga tushe mai ma'anar ajiyewa ko sanyawa. Daga wannan tushe ne Latin ya sami “facere”, wanda ya haifi “faire” na Faransanci. Ke nan ta wajen jini “faire” ɗan'uwan “do” ne, ko da yake ya haɗa aikin su biyun ya riƙe.

Ma'anar sanyawa ba ta ɓace gaba ɗaya ba. Kalmomin nan biyu na tsohon yayi, “don” da “doff”, wato sa tufa da tuɓe ta, dunƙulewar “do on” da “do off” ce. A Ingilishin tsakiyar zamani kuma “do” yana ɗaukar ma'anar sa wani ya aikata abu, kafin “make” ya karɓe wannan aiki daga hannunsa. Mai jin Hausa zai gane wannan tafiya nan take, domin “sa” na Hausa ma haka yake: a sa riga, a sa gishiri a miya, a kuma sa yaro kuka.

Inda Hausa ta ajiye bambancin

Bahaushe yakan ce an yi fartanya, an yi riga, an yi ɗaki, kuma ba wanda zai ce ya yi kuskure. Amma idan yana son magana ta zauna, sai ya kira kowace sana'a da aikatau nata. Maƙeri ya ƙera fartanya, tela ya ɗinka riga, masaƙi ya saƙa zane, magini ya gina ɗaki, masassaƙi ya sassaƙa turmi. A madafi ma haka: a tuƙa tuwo, a dama fura, a toya ƙosai, a haɗa shayi. Duk waɗannan Ingilishi yana iya tattara su a ƙarƙashin “make”. A ɗaya ɓangaren akwai “aikata”, da “gudanar da”, da “sauke”, kamar a sauke nauyi, da “cika”, kamar a cika aiki. Waɗannan su ne dangin “do”.

Daga nan ɗalibi yake samun ma'auni da ya fi jerin hadda dacewa da kansa. Idan ya zo fassara “yi”, sai ya tsaya ya tambayi kansa da wane aikatau zai iya musanya shi. In ya ga “ƙera” ko “haɗa” ko “ƙulla” ko “samar da” sun shiga gurbin, to “make” ne ya fi kusa. In ya ga “aikata” ko “gudanar da” ne suka shiga, to “do” ne. Wanda ya yi karatun zaure yana da ƙarin madogara, domin Larabci ma ya raba “fa'ala” da “sana'a”. Daga na biyun Hausa ta aro kalmar sana'a, daga na farkon kuma malaman nahawun Larabci suka sami “fi'ili”, sunan da suke kiran aikatau da shi. Ita kanta kalmar “aikatau” daga “aikata” aka ƙirƙiro ta, wato daga gidan “do”.

Abubuwan da ba a taɓawa da hannu

Kujera da tuwo suna da sauƙi. Inda ɗalibi yake rikicewa shi ne inda abin da aka samar ba ya ganuwa. Ingilishi yana cewa “make a promise”, “make a decision”, “make an offer”, “make a complaint”, “make peace”, “make friends”, “make trouble”. Me aka ƙera a nan? A saurari yadda Hausa take faɗarsu: a ɗauki alkawari, a yanke shawara, a kai ƙara, a ƙulla abota, a ƙulla yarjejeniya, a ta da fitina. Ƙulli abu ne da ake yi da hannu, yanka ma haka. Kafin mutum ya buɗe baki babu alkawari a duniya. Da ya furta, ga shi nan ya tsaya tsakaninsa da wanda ya yi wa, ana iya cika shi, ana iya karya shi kamar tulu. Harsunan biyu sun yi tarayya a kan ɗaukar waɗannan a matsayin abubuwan da mutum ya kawo. Kuskure ma a nan ya faɗo: Bahaushe yakan ce an tafka shi, kuma bayan an tafka yana nan kwance a kan takarda, malami ya zo ya ja masa jan layi. Da yawa daga cikin waɗannan sunaye, irin su “promise” da “decision” da “complaint” da “peace”, Ingilishi ya same su ne ta hanyar Faransanci da Latin a ƙarnonin da suka biyo bayan cin Ingila da Normandawa suka yi a shekarar 1066, shi ya sa ɗalibin Nijar yake ganin fuskarsu kamar ya san su.

“Do” kuwa ya riƙe fagen hali da nauyi: “do good”, “do wrong”, “do harm”, “do justice”, “do your duty”, “do your best”, “do someone a favour”. Nan ne gidan karin maganar nan, kowa ya yi nagari don kansa. Alheri da cuta da adalci ana aikata su ne, kuma a kan mai aikatawa ake ɗora su. Kalmar “deed”, wadda take nufin aikin da za a yaba wa mutum ko a tuhume shi a kai, daga “do” ta fito.

Idan suna ɗaya ya bi aikatau biyun, bambancin yakan fito fili har ya ba da tsoro. “Make time” shi ne mutum ya tsaga lokaci daga cikin hidimarsa ya ba wani. “Do time” shi ne zaman kurkuku, daidai da yadda ake cewa wane ya yi wata shida a gidan kaso. “Do good” aikata alheri ne. “Make good” cika alkawari ne ko mayar wa mutum asararsa. “What do you do?” tambayar sana'a ce, ana yi wa baƙo ita ba laifi, “How much do you make?” tambayar abin da yake shiga aljihu ce, wadda ba kowa ake yi wa ba. “Make money” ya zo daidai da “ya yi kuɗi”, “do business” kuma da “yana kasuwanci”. Har “that will do” yana da tagwai a Hausa, domin ba komai yake nufi ba illa “ya yi”, wato ya isa haka.

Inda ma'auni yake tuntuɓe

Kowace ƙa'ida ta harshe tana da ƴaƴan da suka ƙi jin magana. Mai gyara shimfiɗa da safe “make the bed” yake yi, alhali gadon kafinta ya haɗa shi tun tuni. Guguwar da ta yaye rufin gidaje “do damage” ta yi, alhali ɓarnar tana nan kowa yana gani. Irin waɗannan sai hadda, amma ba su da yawan da za su rushe ma'aunin. Akwai kuma fili na tsakiya inda duka biyun suke halatta: “do a translation” da “make a translation”, “do a drawing” da “make a drawing”. Na farko ya fi jan hankali ga aikin da aka ba mutum ya zauna ya yi, na biyu ga takardar da ya miƙa. Tuwon ɗazu ne ya sake dawowa.

Babban ramin da ya fi cin ɗalibai shi ne na uku, inda “yi” ba ya komawa ko ɗaya daga cikin biyun. Hausa tana da tarin sunaye masu nuna aiki waɗanda ba sa tsayawa a jimla sai da “yi”: barci, magana, kuka, dariya, wasa, tari. Ingilishi yana da aikatau guda ga kowannensu, don haka “ya yi barci” “he slept” ne kawai. “Yi haƙuri” yana tafiya da “be”, “yi wanka” da “take” ko “have”, “yi aure” da “get”. “Ana zafi”, wanda Faransanci ya mayar “il fait chaud”, a Ingilishi “it is hot” ne. “Faire attention” kuma “pay attention” ne, kamar dai hankali kuɗi ne da ake biya. Masanin nahawun nan ɗan ƙasar Denmak, Otto Jespersen, ya kira irin waɗannan aikatau marasa nauyi, domin sunan da ke biye da su ne yake ɗauke da ma'ana. Saboda haka tambayar farko da ɗalibi zai yi wa kansa ita ce ko jimlar tana bukatar ɗayansu ma tukuna.

Shi ya sa ni na yi

Akwai jimla guda da ta haɗa aikatau biyun, kowanne a mazauninsa: “He made me do it.” Hausarta ita ce, shi ya sa ni na aikata. “Do” yana wurin wanda hannunsa ya taɓa aikin, “make” yana wurin wanda ya tura shi. In ka ga ƙi gudu, in ji Hausawa, sa gudu ne bai zo ba. Wannan “sa gudu” shi ne “make” ɗin da ake magana. Ta fuskar gini, aikatau da ke biye da shi ba ya ɗaukar “to”, sai an juya jimlar an ɓoye mai sawa, a ce “I was made to do it”. Idan kuma suna ko sifa ce ta biyo baya, Hausa takan koma ga “naɗa” ko “mayar da”: “they made him chief”, sun naɗa shi sarki.

Wannan ba maganar jarrabawa kaɗai ba ce. Ɗaliban Hausa da yawa tafinta za su zama, a kotu, a asibiti, a gidan rediyo, a wurin sulhu. “She made me laugh” ba ta wuce ta ba ni dariya ba. Amma “they made me sign” tana iya zama sun sa ni na sa hannu, tana iya zama sun tilasta mini, kuma tsakanin “sa” da “tilasta” akwai hukuncin da zai iya sauka a kan mutum ko ya tsallake shi. Tafinta ba shi da ikon zaɓar wanda ya fi masa daɗin faɗa. In maganar ba ta fito ba, sai ya nemi mai ita ya fayyace. Ta ɗaya gefen ma akwai tarko. “Me ka yi masa?” a Hausa tana iya zama tuhuma, tana iya zama neman jin alherin da aka yi. Ingilishi ya raba su: “What did you do to him?” tuhuma ce, “What did you do for him?” tambayar taimako ce. Ƙaramar kalma ɗaya ce take mayar da mai taimako abin zargi.

Yadda “do” ya zama ɗan aike

Saboda “do” yana nufin aiki kowane iri, ya dace ya tsaya a madadin kowane aikatau, kamar yadda ake tambayar mutum ko ya share ɗaki ya ce “na yi”. Wannan sauƙin kai ne ya sa nahawun Ingilishi ya mayar da shi ɗan aike. Da shi ake tambaya, “Do you know?”, da shi ake korewa, “I do not know”, da shi ake ƙarfafawa, “I do know”, da shi ake guje wa maimaici, “so do I”. Ba haka abin yake ba tun asali. A zamanin Shakespeare marubuci yana iya yin tambaya ko korewa da “do” ko ba tare da shi ba. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Alvar Ellegård, ya bi diddigin wannan sauyi a littafin da ya fitar a 1953, ya nuna yadda amfani da shi ya bunƙasa a ƙarni na 16, ya ci gaba da kafuwa a tambaya da korewa har ya zama doka. Faransanci da Jamusancin boko ba su da irin wannan tsari, shi ya sa “What do you do?” take yi wa ɗalibi kamar in'ina, alhali “do” na farko ɗan aike ne, na biyu shi ne mai gidan.

“Make” bai sami wannan matsayi a daidaitaccen Ingilishi ba, amma ya same shi a bakin mutanen Afirka ta Yamma. A Ingilishin kasuwa na Najeriya da Gana da Kamaru, “make we go” tana nufin mu tafi, “make I see” kuma bari in gani. Ɗan zangon Kumasi ko Nima da ya tashi yana jin wannan ya riga ya san ɓangaren “make” na sawa da umarni. Abin da ya rage masa shi ne ya tuna cewa a takardar jarrabawa “let” ne yake zama a wannan gurbi.

Kammalawa

Tun kafin a san da Ingilishi, Aristotil ya tsaya a kan wannan bambanci a kashi na 6 na littafinsa na ɗabi'a da ake dangantawa da Nikomakus. Ya raba “poiesis”, aikin da manufarsa take wajensa, kamar gini da yake ƙarewa da gida, da “praxis”, aikin da kyawunsa yake cikinsa, kamar adalci. Daga na farkon ne Turawa suka sami kalmar “poet”, wato mawaƙi a wurinsu maƙerin magana ne. Bahaushe bai karanta Girkanci ba, amma ya san ana yaba maƙeri da kaifin laujensa, ana yaba mutum da halinsa, kuma yabon biyu ba ɗaya ba ne.

Don haka ɗalibin da ya ci karo da “yi” a fassara yana da matakai uku. Ya fara dubawa ko Ingilishi yana da aikatau guda da ya wadatar, kamar na barci da kuka. In babu, ya cire “yi” ya gwada sa “ƙera” ko “ƙulla” ko “sa” a gurbinsa, sannan ya gwada “aikata”, ya ji wanda kunnensa ya karɓa. Abin da ya ƙi shiga ma'auni, kamar gyaran gado da ɓarnar guguwa, ya rubuta shi a bayan littafinsa ya haddace. Wanda ya bi wannan hanya zai rage kuskure a Ingilishi, zai kuma fito da riba ta biyu da bai nema ba: zai daina jingina kowace jimla ta Hausa a kan “yi”, ya koma kiran tuƙi da dami da saƙa da sassaƙa da sunayensu.